Tsokar Kuncin Inna

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin asibiti. Ina dasa tsoka cikin kakin kyandir, in yanka ta sirara-sirara, in shimfiɗa a gilashi don likita ta duba. Ban taɓa karya ƙa'ida ba sai ranar da aka kawo kwalba mai lamba 418.

Mu lamba muke gani, ba suna ba. Amma ni na raka Inna aka ɗebi tsoka daga farin tabon da ya fito mata cikin kunci, kuma na saci kallon lambar da aka sa a takardarta. Ƙa'ida ita ce in miƙa wa abokiyar aikina. Na ƙi. Wa zai lallaɓa naman uwata kamar ni?

Fatar cikin baki hawa-hawa ce. A ƙasa ake haihuwar ƙwayoyinta, suna hawa suna girma, in sun kai sama wata ƙwayar gado ta umarce su su mutu, su zube. Idan umarnin ya lalace sai su ƙi girma, su ƙi mutuwa, su cika ko'ina. Daga nan ciwon daji yake farawa.

Na leƙa madubin ƙara girma. Ƙananan ƙwayoyi ne zalla, cunkushe, babu babba ko ɗaya. Na sake yankowa, haka. Na yi ta yanka kamar mahaukaciya, ina neman gilashi ɗaya da zai ƙaryata ni, har zufa ta jiƙa mini safar hannu.

Likitar, wata dattijuwa da ba ta iya ɓoye faɗa ba, ta duba ta ɗago.

"Wa ya dasa tsokar nan?"

"Ni ce, Likita."

"Ke? A kwance kika dasa ta. Hawan ƙasa kaɗai wuƙar ta bi, dole ki ga ƙanana zalla. Narkar da kakin, ki tsayar da ita, ki yanko min sabo."

Na miƙa mata kakin. Ta ɗaga shi a hasken taga, babu ko ɗigon nama a ciki.

"Kin yanke duka?" Ta cire tabarau. "To ko lafiya ce ko ciwo, ban sani ba. Sai ɗinkin ya warke a sake ɗiba. Mako uku."

Da la'asar na tarar da Inna a falo, kunci a kumbure, tana kurɓar ruwa da cokali. Da ƙyar take buɗe baki.

"Sakamakon ya fito?"

"Tukuna, Inna."

"Ba komai," ta ce, ta dafa hannuna. "Ni ko a jikina. Tunda kina wurin, na san ba wanda zai yi min wasa da shi."