Kwalbar Babarbare

Ni Labaran manomi ne a Fakuwa, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗaga wa murya ba, Modibbo Bube. Duk kaka, da na kwashe dawa, shi ke sauka a gonata da shanunsa, su ci kara su bar mini taki. Tun zamanin mahaifina ake haka. In ya tsaya ya kira shanu, har matan cikin gari sukan dakata da daka su saurara.

A shekarar da aka sauya wa motoci hannu tari ya kama shi tun damina, daga baya ya fara zuwa da jini. Ni da ɗansa Manu muka kai shi babban asibiti a birni. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ja mu gefe ya ce ciwon daji ne a huhu, ya riga ya yi nisa, aiki ba zai yiwu ba. Ya ce mu kai shi gida, amma mu biya ta wurin malamin asibiti na Kankiya, akwai maganin da zai kwantar masa da raɗaɗi.

Malamin nan Kyari sunansa, mutumin Borno, aiki ya kawo shi ƙasarmu, fuskarsa cike da zane. Ya biyo mu har ruga a kan babur, da wata kwalba ja a jakarsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Modibbo.

"Baba, ina ke maka ciwo?"

"Lahiya lau," in ji Modibbo.

Yana faɗin haka gumi na tsiyaya daga gemunsa. Kyari ya juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta sake ba. Ya bar ɗan magani kaɗan ya ce a riƙa ba shi a cokali, ya tafi.

Wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane ba. Filako, wato kunyar nan tasu, ba ya barin dattijo ya ce wayyo a gaban matarsa da ɗansa, balle baƙo. Ni kuwa ina kallo mutumin nan yana narkewa. Ya daina kwanciya, sai zama jingine da turken bukka, idanu jawur. Matarsa Adda ta nuna mini sandarsa a ɓoye, duk shatar haƙora a jikinta. Ta ce in ta ƙara masa cokali sai ya kau da kai, don karɓa ɗaya yake da cewa ya gaza. Abin ya tsaya mini a rai. Mutuwa dai ta Allah ce, ban yi jayayya da ita ba. Abin da na kasa jurewa shi ne mutumin kirki ya ƙarasa kwanansa yana cizon itace, ga magani a gefensa.

Da Kyari ya dawo na tare shi tun a bakin gona.

"Malam, ka ƙara mashi magani mana! Ba ka da ido ne?"

"Malam Labaran, maganin nan mai ƙarfi ne, a kulle muke ajiye shi. Sai na san inda ciwon yake, da lokacin da yake tasowa. In na ƙara a makance zan cuce shi. Kuma ko na ƙara, ka ji ba ya sha."

Raina ya ɓaci, sai na huce a kansa.

"Kai wane irin Babarbare ne wai? Ka zo kana durƙusa ma Bahillace kamar surukinka!"

Sai na ga ya tsaya cak yana kallona. Ya jingine babur, ya karkace hula, ya nufi bukkar. Wannan karon bai cire takalmi ba. Ya shiga ya zauna daram a kan buzun sallar Modibbo, ya miƙe ƙafa.

"Kai Fulata, bawana! Ubangidanka ya zo ba ka tashi ba? Ina nonon da aka ajiye mini?"

Adda ta toshe baki da gyale. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a fushi a cikinsa, kuma babu abin da ba a faɗi. Modibbo ya buɗe ido a hankali, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin girbi.

"Aradu," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "an ba bawa kwalba ya zama likita. Wanga ruwan bunun kake kira magani?"

"Maganina ya fi ƙarfin Fulata goma."

"Ƙarya kake. Na sha shi da hantsi, kahin azahar wutar ta dawo."

"Wace wuta? Nuna mini in ba sharri ba."

Modibbo ya kai hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta dama. "Nan. Ta bi ta baya har wuya. In na kwanta kamar an ɗora mani turmi. Maganin Barebari ko gezau."

Abin da matarsa ba ta ji daga bakinsa ba, abin da ni amininsa ban ji ba, ga shi yana zubo shi tsaf, kuma mutuncinsa na nan cif, don a wurinsa zagin Babarbare yake yi. Kyari na ta musu yana tsokana, amma na lura idonsa ba ya wasa, kowace kalma yana kama ta.

"To yau za ka ga aiki," ya ce. Ya cika cokali. "In kai namiji ne shanye wannan ka sake raina ni."

Modibbo ya shanye don kada Babarbare ya yi masa dariya.

A waje Kyari ya koya wa Adda ta riƙa ba shi a kan kari, kada ta jira ciwo ya taso. Ya ce a tokare masa baya da buhun dusa, a buɗe gefen bukka iska ta riƙa bugun fuskarsa, a jiƙa masa tsamiya don maganin yana ɗaure ciki. Washegari da na je, Adda ta tare ni da yatsa a baki. Na leƙa. Modibbo na kwance a gefensa na dama, yana barci har da minshari. Ni da ba na kuka sai da na koma bayan kara na share ido.

Haka aka ci gaba. Duk ranar kasuwa Kyari zai zo, a yi ta zage-zage, daga cikin zagin ya san ko ya ƙara ko ya bari. Har daga rugagen wajen Kusada aka fara aiko masa, wai a turo Babarbaren nan mai baki.

Da kara ya ƙare, lokacin tafiya kudu ya yi. Manu ya ɗaure kaya ya kora shanu, suka ƙi. Suka zagaye bukkar suka tsaya, tsohuwar saniyar da ake kira Wule a gaba, ta sa hanci a ƙofa. Ya yi kira, ya yi duka, ko motsi. Ana cikin haka Kyari ya iso, ya kashe babur.

Sai ga Modibbo ya fito, ya dafa kafaɗar Adda. Mutum ya zama ƙashi da fata. Ya taka har bakin gona, ya ja numfashi da ɗan abin da ya rage masa na huhu, ya yi kira. Muryar ba ta kai rabin ta da ba, amma wallahi garken nan gaba ɗaya ya juya kamar mutum ɗaya. Suka taho suna kuka ƙasa-ƙasa, suna shinshinar rigarsa. Ya shafa wuyan Wule, ya yi mata magana da Fulatanci, ya kama hannun Manu ya ɗora inda nasa yake, ya miƙa masa sandar nan mai shatar haƙora. Manu ya yi gaba, Wule ta bi shi, sauran suka bi ta. Muna tsaye, ni dai sai tasbihi nake yi.

Kyari ya gyara murya, ya ɗauko kwalba.

"To Fulata, yau kuma wane sharri za ka yi wa maganina?"

Modibbo ya dube shi.

"Babarbare, na duba ko'ina, yau ban samu abin zagi ba. Allah shi yi maka albarka."

Kyari, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya sunkuya. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a cikin turɓayar gonata.

Kafin kasuwa ta zagayo Modibbo ya cika, bayan azahar, a kwance. Adda ta ce ta ɗauka barci yake yi.