Tukunyar da Ta Shiga Bango

A shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Ikko ta dawo Abuja, babu abin da ake nema ido rufe kamar siminti. Cikin ma'aikatan da aka kawo akwai Injiniya Lukmanu, mutum mai kiyaye salla. Ya karanta cewa ƙona dutsen da ake yin siminti da shi yana sakin iskar da ke ƙara wa duniya zafi, abin ya tsaya masa a rai. Yakan ce ƙasa amana ce, kuma duk wanda aka ba amana za a tambaye shi.

Sai ya ƙudura gwaji: a niƙa gasasshen yumɓu ya zama gari, ya maye gurbin kashi ɗaya cikin uku na siminti. Wadda ta koya masa gane yumɓun da ya gasu ita ce Magdalena, wata dattijuwa maginiyar tukwane a ƙauyen Ushafa. Takan ƙwanƙwasa tsingaro da farce ta ce, "Oga, ka ji? Wannan ya ci wuta. Wancan ɗanye ne, kamar kai."

Tsingaron da ke wurinta bai isa ba. Ɗangoggo, direban tifa, ya ce ya san wani kufai a bayan duwatsu, inda aka tayar da mutane saboda madatsar ruwa. "Fasassun tukwane birjik, ranka ya daɗe, ba mai su." Lukmanu bai je ya gani ba. Ya ce a kwaso.

Aka niƙa, aka cuɗa, aka buga bulo, aka tayar da bangon wurin alwala a masallacin ma'aikata. Bayan kwana ashirin da takwas aka gwada ƙarfin bulon, ya zarce abin da ake fata. Lukmanu ya yi wa Allah godiya.

Ranar wata Laraba, yana fitowa daga Azahar, ya tarar da Magdalena tsaye a rana, da fartanya a hannu.

"Mama, lafiya?"

"Oga, motarka ya je tsohon garinmu?"

"Ta je."

"Akwai tukunya a kife, babba, bakinsa da zane uku. Ni na gina shi. Na kife a kan kabarin uwata, ranar da za su tashe mu. Kowace shekara ina zuwa in nome mata ciyawa. Yau na je, ban san inda take ba."

Lukmanu ya tuna shi ne ya ce a kwaso. Ya san mamaci yana da alfarma ko wane addini ya bi, kuma ya san "ban sani ba" ba ta wanke wanda ya ƙi tambaya. Ya kira Ɗangoggo, su uku suka hau tifa.

Damina ta riga ta yi aikinta. Ciyawa ta kai ƙugu, sawun taya ya shafe. Kukar da Magdalena ke kwatance da ita, masu buɗe hanya sun tuge ta tun bara, tukunyar ce kaɗai ta rage alama. Ɗangoggo ya yi gabas, ya dawo, ya nuna wani ɗan kwari, sannan ya nuna wani.

"Nan ne. A'a, tsaya. Wallahi, Mama, a fashe na same ta."

"Shekara bakwai tana rana da ruwa, da kai ne ba ka fashe ba?"

Suka yi ta ratsa ciyawa har La'asar ta gota. Wurare uku suka yi kama da kabari, babu wanda zuciyar Magdalena ta natsu da shi.

"Mama," in ji Lukmanu, "laifina ne. Zan zuba miki dakali mai ƙarfi, wanda babu mai ɗauka."

"A kan wanne?"

Suka juya suka hau tifa.

Da suka koma, ta ce a kai ta wurin bangon. Ta shafa shi da tafin hannu, ta dubi jan da ke cikin tokarsa. "Wanne ne nawa?"

"An cuɗa duka, Mama. Tana cikin kowanne."

"To ba ni ɗaya."

Ya ɗauko guduma da kansa, ya ɓalle bulo guda daga layin sama. Ta ƙi a saka mata a mota. Ta aza shi a kafaɗa, yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta kama hanya.

Rahoton gwajin ya samu karɓuwa a ma'aikata. Lukmanu ya ƙara masa layi ɗaya: kada a kwashi yumɓu ko tsingaro a ko'ina sai an tambayi masu wurin. Ya hana a cike giɓin bangon. Kullum yana alwala a gabansa, yana neman gafarar Ubangiji. Kabarin kuwa, Allah kaɗai Ya san inda yake.