Sa'a Biyu a Hanyar Ingal

A bangon biro, wato ofishin ƙungiyarmu, akwai hoton Baba Illiya riƙe da makullin mota, shugabanmu Alhaji Zaharaddin ya dafa masa kafaɗa yana washe baki. Ranar da aka ɗauki hoton ko sunansa Alhaji bai sani ba. Mu masu aikin sa kai ne, kowa ana ba shi mutum ɗaya ya yi masa jagora har ya samu aiki ya riƙe. Ni aka ba Illiya. Wata biyar ina yawo da takardunsa cikin ranar Agadas, su Alhaji suna ƙarƙashin fanka suna jiran shayi na uku.

Illiya ya shekara goma sha takwas yana tuƙi cikin hamadar Tenere, tsakanin Agadas da Dirku. Da na rubuta haka a takardarsa ta neman aiki, Alhaji ya ce in goge.

"Masu ɗaukar aiki ba su son jin sunan Tenere, Balki. Sai su ce ɗan fasa-ƙwauri ne."

Na goge. Har yau ina jin haushin kaina.

Ya samu tuƙi a wani kamfani mai kai kayan hasken rana ƙauyuka, gwajin wata uku. Saura kwana tara a ba shi kwantirar aikin dindindin aka kira ni. Motarsa tana da na'urar da ke nuna inda take, kuma ta nuna ya tsaya sa'a biyu a hanyar Ingal. Dokar kamfani ta hana tsayawa.

Na same shi a gida yana wanke hula.

"Baba, me ya faru?"

"Kamiyon gishiri na tarar, ɗiyata, daga Tigidda. Inji ya yi zafi, ruwa ya ƙare, ga mata da jinjiri a saman buhuna. Na ba su bido biyu na ruwa, na ɗaure musu tiyo."

"Ka san an hana."

"Na sani. A inda na koyi tuƙi, wanda ya wuce mota tsaye ko a majalisar direbobi ba ya ƙara zama."

Na je wurin Alhaji in roƙe shi ya raka mu, tunda yana son hoto. Bai ko aje kofinsa ba.

"Ƙaramin abu ne. Sai ya ce musu taya ce ta fashe, shi ke nan. Ni ina da atiliye gobe."

Atiliyen, wato taron bitar, kan mutuncin ma'aikaci ne. An riga an buga tuta.

Washegari ni da Illiya muka shiga wurin Mourtala, shugaban ma'aikatan kamfanin, wanda ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, mutumin da iyakar saninsa da hamada shi ne hoton raƙumi a kalandarsa. Sanyin bironsa ya sa shi sanya kwat. Ya juyo mana allon ordinater, wato kwamfuta, yana nuna wani jan ɗigo da alƙalami.

"Voilà. Sa'a biyu da minti shida."

Na yi bayani da Faransanci mai kyau, irin wanda suke so. Na ce kaya sun isa lafiya, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ya saurare ni yana duba wayarsa. Sannan ya turo takarda.

"Saboda ke, madmazel, zan yi sassauci. Ya sa hannu cewa ba zai ƙara tsayawa kowa ba, komai dalili. Sai ya ci gaba da aiki."

Illiya ya ce in karanta masa da Hausa. Na karanta. Na tuna ƴaƴansa biyar da garin da matarsa Hajara take aunawa da ƙaramin kwano, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, sa hannu kawai."

Ya kalli Mourtala.

"Mushe, in kai na tarar fa?"

"Ni ba na bin wannan hanya."

"Ga alama."

Ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora bisa takardar, ya yi sallama ya fita.

Da na koma biro na gaya wa Alhaji, ya girgiza kai. "Mutanen nan ba su son ci gaba. Mu dai mun yi namu." Ya ce a bar hoton, baƙi za su zo ranar Alhamis.

Na taka kujera na sauko da shi a gabansa, na kife bisa farantin shayin. Sannan na buɗe takardar Illiya ta neman aiki, na maida shekaru goma sha takwas ɗin nan a layin farko, da manyan baƙaƙe. Na buga kwafi ashirin, na ɗaura kallabina na fita cikin rana.