Ƙullutu a Wuyan Karen Baƙo

"Riƙe masa kai sosai, Baba," in ji Maijidda, likitar dabbobi, tana lalubar ƙullutun da ke wuyan karen.

Baƙo ya riƙe. Maƙwabcinsa Shu'ibu, wanda ya ɗauko su a babur daga fadamar hanyar Auyo, yana can bakin ƙofa ya harɗe hannuwa. Shi dai Shu'ibu tun da yake bai taɓa sa wa kare hannu ba, kuma bai ga dalilin farawa da wannan baƙin karen, Duna, ba.

"Me ke kawo shi, 'yata?" Baƙo ya tambaya.

"Abin yana jikin kowace dabba, har mai lafiya, cikin ƙwayoyin halittarta. Shi ke sa nama ya girma, ciwo ya warke, sannan ya lafa. A nan ne ya ƙi lafawa. In mun yanke, za mu gwada naman ƙarin da lafiyayyen nama, mu ga bambancin."

"Mutum ma yana da shi?"

"Har mutum."

"To in ya kai lemo girma, ya yi tauri, ba ya motsi fa?"

"Na Duna bai kai nan ba, Baba. Nasa zai ciru. Ku dawo da shi bayan sati biyu."

Baƙo ya gyaɗa kai. Sai a lokacin Shu'ibu ya lura da yadda tsohon ke ɗage hannun hagu daga jikinsa, kamar mai ɓoye abu a hammata.

A hanyar komawa Shu'ibu ya rage gudu. "Baba, mu biya asibitin mutane mana."

"Na je tun kafin ruwa ya janye. Sun ce an makara." Sannan Baƙo ya ce, "Kai za ka mayar da Duna wajen likita, Shu'ibu. Ba ni da kowa, shi ma haka."

"Ka san ba na taɓa kare."

"Na sani."

Baƙo bai ga ranar ba. Wata rana da hantsi aka same shi a bukkar gadin shinkafa, ya rasu. Sahu ɗaya bai cika ba wajen sallarsa, aka kuwa kori Duna da hoge don kada ya ratsa gaban mutane. Shu'ibu yana gani, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Ranar alkawari ya je bukkar. Karen na kwance kan tabarmar mamacin, ya rame, ya kasa tashi. Shu'ibu ya duba hagu da dama ko zai ga mai ɗaukar masa. Babu kowa sai balbelu.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya yi bismilla ya sunkuya. Duna ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya bi kunyar gona da shi a ƙirji, a hankali saboda santsi, kan karen na bisa kafaɗarsa yana kallon bukkar.