Tulun da Ba Ya Gumi

Shaima ta durƙusa a bayan ɗakin Ummuhani, ta ɗaga murfin tulun da ke binne a ƙasa har wuya, ta zura hannu. Yatsunta ba su yi nisa ba suka taɓa ruwa.

"Hajja, yaushe kika cika shi?"

"Ranar Juma'a," in ji Ummuhani. "Yau kwana shida, ko ɗigo bai ragu ba."

Da alfahari ta faɗa, alhali kuɓewar da ke kewaye da tulun duk ta langaɓe.

Shaima malamar gona ce. Tun shigowar rani take tara matan unguwa a gindin darbejiya tana koya musu lambun bayan ɗaki, domin a Gadarif ruwa sai ranar da mai karo, mai tallan ruwa a amalanke, ya ga dama ya biyo da jakinsa. Dabarar ba wuya: a binne tulu, a cika shi, a shuka a gefensa, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu zuwa saiwa. Lambun kowa ya yi kore shar, ban da na Ummuhani. Ga shi kuwa nata ba irin kasuwa ba ne. Gajeriyar kuɓewa ce mai jan kai, wadda kakarta ta ƙullo a bakin zane ta taho da ita daga can yamma, a hanyar hajjin da ba ta ƙarasa ba. Bara tsutsa ta cinye ta gonarsu ta Doka. Ƙwaya goma sha ɗaya suka rage, ta shuka duka, bakwai suka tsiro.

Shaima ta tone gefen tulun. Ƙasar a bushe take ƙamas, jikin tulun kuwa sumul, har da sheƙi.

"Wa ya gina wannan?"

"Wa kuwa? Ni mana. Na goge shi da dutse, na dafe shi da ruwan bagaruwa. Ko man riɗi kika zuba ba ya fita. Irin Haboba kakata ne fa, ya za a yi in ba shi tulun banza?"

Tausayi ya kama Shaima. Tsohuwa ta karrama irin kakarta da tulun da ya fi kowanne, shi kuwa ya riƙe ruwansa gam, shuka na mutuwa a gefensa.

"Malesh, yi haƙuri Hajja, laifina ne da ban yi bayani ba. Aikinki ya yi kyau har ya wuce. Mai gumi muke so, wanda moya, ruwan nan, ke fita ta jikinsa. Kuma yau, ba gobe ba."

"A ina zan samu?"

"Duk matan nan wajen Hala Fatna suka karɓa."

Ummuhani ta kau da kai. Fatna maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, ita ma maginiya. Shekara talatin Ummuhani na yi mata dariya a gidan biki da bakin kasuwa, wai tulun Fatna ka cika da safe, azahar ka tarar da rabi. Tun Fatna na ramawa har ta daina, gaisuwa ma ta koma ɗaga hannu daga nesa.

"Bari in karɓo miki," in ji Shaima.

Ummuhani ta dubi kuɓewar. Biyu sun riga sun kwanta. Ta ji kunya, ta ji tsoro, tsoron ya fi yawa.

"A'a, 'yata. Bakin da ya yi ɓarna shi zai je."

Ta yafa mayafi ta fita. Taku ashirin ne, amma sai da ta tsaya sau biyu. Ta tarar da Fatna tana cuɗa yumɓu, ta yi sallama, aka amsa ba tare da an ɗago ba.

"Fatna, tulu na zo nema."

"Naki sun ƙare ne?"

"Nawa ba sa gumi. Irin Haboba zai mutu. Ki ba ni wanda ya fi zuba."

Fatna ta ɗago ta dube ta. Ummuhani ta tsaya tana jiran dariyar da ta san ta cancanta. Fatna ta wanke hannu, ta bi tulunanta tana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi wani mai kaushi. Ummuhani ta miƙa hannu za ta karɓa, Fatna ba ta ba ta ba, ta ɗora shi a nata kan.

"Shige gaba," ta ce. "Na manta ta inda ake shiga gidanki."