Gaisuwar Kawu Azariya

Da matar Kawu Azariya ta rasu, Mama ba ta je jana'iza ba. Ba ƙin zuwa ta yi ba. Ƙauyensu a kan dutse yake can bayan Kauru, inda mota ke tsayawa a ƙasa, mashin ya ɗan taimaka, sauran kuma aikin ƙafa ne, ita kuwa ko matakalar coci sai an riƙe ta. Waya ba ta shiga garin. Ta aika da ta'aziyya ta bakin wani mai sayen citta, amsa ba ta dawo ba, sai ta ƙulla a ranta cewa yayanta ya yi fushi da ita. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kullum sai ta tayar da zancen, har ta fara ramewa a kan idona.

Da aka yi hutun makaranta, ni da mijina Martins muka bar Kafanchan muka je a madadinta. Kawu ya karɓe mu da murna, ya sa aka yanka zakara, ya zauna a gindin ɗorawa ya yi wa ƙanwarsa doguwar gaisuwa, ni kuma ina ɗauka da waya. Da muka dawo na gaya wa Mama komai, sai ta girgiza kai.

"Edna, ke 'yata ce, abin da zai yi mini daɗi za ki faɗa. Sai na ji da kunnena."

Nan Martins ya ce a dakata, ba za a nuna wa surukarsa bidiyo a warwatse ba. Gaskiyarsa ta wani gefen, don shi da kansa ya cika wayar da awaki, da duwatsu, da ɗan acaɓan da ya kusa kayar da mu a rafi. Mijina mutumin kirki ne, amma in ya ga sabon abu a waya jikinsa har rawa yake yi. Ya samo wata manhaja da aka ce ita ke zaɓar wurare masu kyau da kanta, ta jera, ta sa kiɗa. Ya zuba mata komai ya koma ya harɗe ƙafa.

Ranar Lahadi bayan sujada muka haɗa wayar da talabijin. Abin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Duwatsu na juyawa, rana na faɗuwa, zakaran ma ya samu rabonsa kafin a yanka shi. Kawu kuwa sau ɗaya ya fito, fuska a murtuke don rana na dukansa, bakinsa na motsi, ganga da jita sun danne maganar. Kafin ka ce kwabo an koma kan awaki. A ganin manhajar, tsoho zaune wuri ɗaya yana magana ba abin kallo ba ne.

Mama ta ja zanenta ta miƙe.

"Kun gani ko? Ko sunana bai kira ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe ainihin abin da na ɗauka na kara mata a kunne, amma iskar kan dutse ta fi muryar Kawu ƙarfi, ga shi gaisuwar ta rabu gida-gida saboda wayar ta yi ta tsayawa. Kunnen Mama kuma ba kamar da ba. Ta saurara kaɗan ta ture hannuna ta shige ɗaki.

Na ƙwace aikin daga hannun Martins. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: in yanke, in haɗa, in ƙara sauti, a bar mini muryar mutum yadda take. Amma samun wannan ya zama aiki. Ta farko da na sauke ta fi ƙarfin wayata, tana buɗewa wayar ta ɗauki zafi ta daskare. Wata kuma kyauta ce, sai dai ta manna tambarinta daidai goshin Kawu. Wata ta bar ni na gama wahala tsaf, sannan ta ce sai na yi rajistar biya kowane wata kafin ta saki aikin. Martins yana gefe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

A ƙarshe wata malama da muke koyarwa tare, Mildred, ta nuna mini wadda take haɗa bidiyon ƙungiyar mawaƙan cocinsu da ita. Ƙarama ce, ba ado, ba ta ma buƙatar data. Akwai hoton almakashi, akwai wurin ja a ƙara sauti, akwai na rage hayaniyar iska. Martins ya leƙo ya ce wannan ai ta 'yan firamare ce. Na ce to ai ni malamar firamare ce.

Na zubar da awakin, na haɗa gaisuwar daga farko har ƙarshe, na ɗaga muryar. Da na kunna, sai ga Kawu ya cika falon.

"Yemima, ƙanwata, kin kwana lafiya?"

Mama ta dafe ƙirji. "Lafiya, Yaya, lafiya ka..."

Ba ta rufe baki ba ya wuce zuwa tambayar yara, daga nan ya shiga ta jikoki. Tana ta bin sa da amsa a guje, tana tuntuɓe, har ta gaji ta haƙura.

"Ba ya jira in amsa," in ji ta. "Gaisuwa ake yi haka?"

Na koma kan almakashin. Bayan kowace tambaya na yanka, na tsayar da hotonsa na ɗan lokaci, yadda zai zauna yana kallonta shiru. Martins ne ya riƙa amsa gaisuwar a madadinta muna gwada tsawon shirun, yana jan murya irin ta tsofaffi, har na huce na yi dariya.

A karo na gaba Mama ta amsa komai a natse, ɗaya bayan ɗaya, har aka zo inda Kawu ya gyara zama.

"Yemima, an gaya mini ciwon ƙafan ki. Da kin hau dutsen nan da shi, da na yi faɗa da ke. Saƙon ki ya iso, wanda zan aiko da amsa ne ban samu ba. Ni ne ma da laifi, ban sauko na duba ki ba. Ki yafe mini."

Ta yi kuka sosai, ni ma na taya ta. Da ta share ido sai ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta sake zane, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta zauna a kujera ta ce in ɗauke ta a bidiyo, tunda fastonsu na ƙauye yana saukowa Kauru ran kasuwa kuma yana da waya, a tura masa ya kai. Ta kalli wayar kai tsaye.

"Yaya Azariya, yaya haƙuri? Yaya kewan gida? Ubangiji ya ta'azantar da kai."

Muna haɗawa sai Martins ya tuna cewa muna da inda Kawu ya amsa tawa ta'aziyyar, ya ce a yanko a liƙa bayan maganar Mama, ya zama kamar ita ya amsa wa.

Mama ta ce, "A'a, wancan na Edna ne. Ki bar mishi wuri kaman yadda kin bar mini. Ki sa da tsawo, ya tsufa, ba ya magana da sauri. Zai amsa da bakin shi."