Kwamfutar da Ta Daina Tsayar da Motoci

A shekarar 1988 wani kamfanin matse man angurya a Bompai ya haɗa sikelin auna motoci da kwamfuta. Malam Inuwa direba ne, ya daɗe yana kawo musu kaya, kuma tun zuwan na'urar bai ga komai ba sai ɓata lokaci. Ana cikin awo sai ta cije, wani rubutun Turanci ya fito a fuskarta, komai ya tsaya. Shu'aibu mai kula da sikeli an hana shi taɓa abin da bai sani ba, sai a zauna jiran injiniya, layin motoci ya miƙe har titin Dakata.

Cikin wannan hali kamfanin ya ɗauki 'yarsa Safiyatu aiki, bayan ta gama karatun kwamfuta. Direbobi suka sa shi gaba da tsiya.

"Malam Inuwa, ka roƙa mana 'yarka ta lallashi ƙawarta," in ji Idi, abokin tuƙinsa.

Ran Juma'a da safe suna karyawa a gida, Malam Inuwa ya tambayi Safiyatu ko wai me ke damun na'urar.

"Baba, akwai tafinta a cikinta, shi ke karanta mata umarnin awo layi-layi. In ya yi tuntuɓe ya faɗi, sai ta tsaya tana tambaya: a sake ko a bari? Ba za ta motsa ba sai an amsa."

"To, ki hana shi faɗuwa mana."

"Wannan sai a hankali. Amma zan iya hana ta tambayar. Ta ajiye mini bayanin abin da ya faru, ta tashe shi, a ci gaba da aiki."

Bai gane duka ba. Ya dai ga ta yi kwanaki tana dawowa da jajayen idanu, wani lokaci ko abinci ba ta iya gamawa.

Sati na gaba ya shigo Bompai da lodi, ya tarar babu layi. Ya hau sikeli. Kafin ya gama goge gumi Shu'aibu ya miƙo masa takardar awo ta taga. A bayan Shu'aibu ya hango Safiyatu tsaye da mayafinta, tana murmushi.

"Baba, kun san yanzun nan ya faɗi, kuna kan sikeli?"

"Wa?"

"Tafintan. Har ya tashi."

Malam Inuwa ya juya takardar gaba da baya. Ya sauke kaya, ya ajiye mota, ya nufi teburin mai shayi inda direbobi ke taruwa. Bai jira an tambaye shi ba. Ya gyara hula ya shiga yi musu bayanin tafinta, yana kuskure yana ƙarawa da nasa. Idi ya buɗe baki zai yi gardama, ya ɗaga masa hannu.

"Kai dai saurara. A gidana aka fara wannan magana."